Kyautar da Malam Ya Fita Karɓowa

Da sunan Allah nake farawa, Shi nake roƙo Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi.

Abin da ya sa na ware wa wannan shekara babi nata shi ne wata magana da na ji a bakin ɗayanku ranar sunan 'yar Sadisu. Ina ɗaki kuna tsakar gida kuna hira, sai na ji an ce, ai shekarar da Baba ya ɓata wa Yaya Ummi aikin jami'a ke nan. Aka yi dariya aka wuce. Ban tanka ba, don ranar farin ciki ce. Amma mahaifinku yana ƙasa, ba zai tashi ya ba da amsa ba, yayarku kuwa kun san halinta, ba za ta taɓa buɗe baki a kan wannan ba. Saura ni. A lokacin kuna makarantar kwana, ƙarshen labarin kawai kuka tsinta, shi ma a bakin 'yan unguwa.

Sai na fara da gidanmu, don in ba ku san yadda aka rene mu da littafi ba, ba za ku gane sauran ba. Mahaifina malami ne a Bunkure, shi ya koya mini ajami tare da 'yan'uwana maza, a kan tabarma ɗaya, da bulala ɗaya. A wajensa littafi ba ya kammala ranar da aka rubuta layin ƙarshe. Sai an kwafe shi, an kai wa wani malami a Kura, an kai wa wani a Madobi, an ba duk wanda ya iya karantawa. Wanda ya rubuta abu ya kulle a akwati, marowaci yake ce masa, kuma rowar ilimi a ganinsa ta fi rowar hatsi muni. Ba a neman izinin marubuci kafin a kwafi littafinsa. Addu'a ake yi masa a ƙasan shafi, shi ke nan. Mahaifinku Malam ma a zauren mahaifina ya yi karatu, can ya gan ni. Sai dai hannunsa na fartanya ne, ba na alƙalami ba, saboda haka tun da na shigo gidan nan duk rubutun da za a yi ni nake yi.

Abin da Malam ya sani ciki da waje shi ne noman rani. Ya fara shi tun kafin ruwan Tiga ya iso mana, lokacin da ake ban ruwa da jigo, itacen nan mai guga a kai da ake tsomawa a rafi a juye a fangali. Da aka haƙa magudanan ruwa, jigo ya mutu, kalmominsa suka fara binsa, sababbi suka shigo tare da injina da ma'aikata. Wannan shi ne abin da Ummi ta zaɓa ta yi rubutu a kai. Kun san sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ta karanci ilimin harshe, jami'a ta ɗauke ta koyarwa amma na gwaji, da sharaɗin kafin wa'adinta ya cika sai an buga mata maƙala a mujallar masana harsuna. In an buga, a tabbatar da ita. In ba a buga ba, a sallame ta. Duk hutun da ta samu sai ta zo ta bi mahaifinta gona da wayarta tana ɗaukar magana, ta zauna gefen majalisarsu a gindin ɗorawa tana tambaya. Wanda ya fi ba ta kalmomi shi ne Malam Idi, dattijon da ya girme su duka, wanda shi ne na ƙarshe da ya ajiye jigo a yankinmu.

Da ta gama ta tura, sai ta zo ta karanta wa mahaifinta aikin da Hausa, don na mujallar da Turanci yake, ta bar masa takardun Hausar a gida ya sa a sake karanta masa ko akwai kuskure. Ranar ce ta yi mana bayanin yadda abin yake. Edita zai cire sunanta, ya ba wasu masana su duba, ba su san ta ba, ba ta san su ba.

"Tsaya, Uwata," in ji Malam. "Mutum zai gyara miki karatu, ba ki durƙusa kin gaishe shi ba?"

"Haka ake yi, Baba. Don kada a yi sanayya."

"To in ya gyara daidai, wa za ki yi wa addu'a?"

"Sai in ce Allah Ya saka wa mai dubawa na ɗaya da na biyu."

"Allah Ya san su," ya ce. "To yaushe za a buga?"

Ta ce sai an jira. Ba ta ce mana komai ba bayan wannan, domin bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai abin da za a faɗa ba.

Aka jira. Aka cire albasa, damina ta sauka, aka dasa shinkafa, aka yanke. Shiru. Duk wanda ya ba Ummi kalma ɗaya sai ya tare Malam a bakin masallaci ya ce ina littafinmu? Wanda ya fi damunsa shi ne Alhaji Tanimu, dillalin tumatir a Kadawa, Bazazzagi, abokin wasansa tun suna samari. Shi kullum sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bawana, ina littafin? Ko irin na Kanawa ne, a kwashe mana magana a kai birni a sayar?"

"Kai wace magana gare ka da za a saya?" Malam ya kan ce. "Rabin abin da ka faɗa ƙarya ce, sai da na bi baya na goge."

Wannan wasa ne, Malam yana ɗauka. Abin da bai ɗauka ba shi ne na Malam Idi. Ciwo ya kwantar da shi a ƙarshen damina, Malam ya je dubiya, Malam Idi ya tambaye shi ko aikin yarinyar nan ya fito, yana so a karanta masa ya ji ko ta rubuta sassan jigo daidai. Malam ya ce an kusa. Kafin kaka ta ƙare aka kai Malam Idi makwancinsa. Da muka dawo daga gaisuwa Malam ya ɗauko takardun Ummi ya ajiye a gabana.

"Malama, sa wani cikin yara ya karanta miki, ki mayar mini da wannan ajami. Sauran tsofaffin ma tafiya za su yi, mu muna jiran mutanen da ba su da suna."

Na yi. Wata maƙwabciyarmu malamar firamare tana karanto bokon ina rubutawa, da safe bayan na gama aiki, har muka kai ƙarshe. Ban taɓa yin rubutun da na ji daɗinsa kamar wannan ba. A ƙasan shafin ƙarshe na yi wa marubuciyar addu'a, na yi wa Malam Idi, yadda aka koya mini. Malam ya kai wa mai buga littattafai a Kura bayan ya sayar da shinkafa, aka buga da koren bango, sunan Ummi a sama da manyan haruffa. Ya raba su ranar Juma'a bayan an idar, kowa da nasa, bai karɓi ko sisi ba. Ya kai wa Iya Hansai, matar marigayin, nata har gida. Ya ce kada a gaya wa Ummi, yana so ya miƙa mata da hannunsa ya ga fuskarta.

Ya kuwa gani. Ta zo hutun ƙarshen shekara, tun daga soro take kirana. Mujalla ta amsa. Masu dubawa sun nemi 'yan gyare-gyare, ta yi, edita ya karɓa. Abin da ya rage ta tabbatar musu a rubuce cewa aikin nata ne, kuma ba a taɓa buga shi a ko'ina ba, da kowane harshe. Malam yana zaune a kan buzu yana murmushi bai saurari ƙarshen maganar ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro littafin.

"Sun makara, Uwata. Mun riga su."

Ta karɓa tana dariya, ta buɗe. Ta iya ajami, ni na koya mata. Na ga ta karanta shafin farko, ta tsallaka tsakiya, ta duba ƙarshe, ta koma bango inda mai bugawa ya sa sunan shagonsa. Sai ta zauna a ƙasa, a inda take tsaye.

"Baba, guda nawa aka yi?"

"Da yawa. Har Madobi sun kai. Har rugar su Jauro na aika."

"An raba?"

"To ajiyewa za a yi?"

Ba ta ɗaga murya ba, gara ma da ta ɗaga. A hankali ta yi masa bayani cewa mujalla ba ta karɓar abin da aka riga aka buga, ko an sauya masa harshe, kuma wa'adinta a jami'a saura kaɗan, ba zai isa a sake wani aikin ba. Malam ya ce shi bai gane ba, ashe yaɗa ilimi rage shi yake yi? Ta ce ba haka ba ne, ƙa'idarsu ce, kowa sabon abu yake son ya fito daga hannunsa. Can ya ce to ai abin mai sauƙi ne, tun da shi ya bayar, shi zai je ya karɓo. In babu littafi a hannun kowa, ba a buga ba ke nan.

Ku da kuka tashi a zamanin waya ba lallai ku san nauyin wannan maganar ba. Kun dai ji abin da malamai suke faɗa a kan wanda ya yi kyauta ya dawo ya karɓe, kuma Malam da bakinsa ya sha faɗarsa a majalisa. Na ce masa kada ya je. Ya ce da ni, Malama, ni na jiƙa, ni zan shanya. Da hantsi ya ɗaure buhu a bayan babur ya fita, ya bar wayarsa a kan taga kamar kullum.

Abin da ya faru a waje daga baya na ji, wani daga bakinsa, wani daga bakin mata. Yawancin mutane sun ba shi ba su ce komai ba, suna sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Wani ya ce ya ba surukinsa a Bunkure, wani ya ce yara sun yaga. Shi kuwa Alhaji Tanimu, Malam ya same shi a rumfarsa cikin kwandunan tumatir, da jama'a.

"Jama'a ku zo ku gani! Bakano ya yi kyauta sau ɗaya a rayuwarsa, ga shi ya biyo sawu!"

"Tanimu, yau ba wasa na zo ba. Aikin yarinyar nan ne zai lalace."

An ce Alhaji Tanimu ya dube shi, ya daina dariya, ya shiga ciki ya ɗauko ya naɗe a takarda don kada a ga abin da yake miƙawa. Malam ya ce mini da ya ci gaba da tsokanarsa da ya fi masa sauƙi. Gidan Iya Hansai ne kawai ya kasa. Ya yi sallama, ta fito da littafin a hannu don ta ji labari, ta ce jikanta ya kan karanta mata wurin da aka ambaci Malam Idi, amma ga shi, tun da na masu shi ne. Malam ya ce mata gaisuwa kawai ya zo yi. Ya hau babur ya bar mata.

A lokacin nan ni da Ummi muna gida. Ina tsince shinkafa, ta zo ta zauna kusa da ni da kwamfutarta a cinya, ba ta buɗe ba.

"Inna, ke ma ba ki tambaye ni ba."

"Ban tambaye ki ba. A gidan da na tashi ba a tambaya."

"Editan nan ko Hausa ba ya ji, balle ajami. Ko Baba bai karɓo ko ɗaya ba, babu mai sani."

"To me ya hana ki tura musu tabbacin?"

Sai ta ce in gaya mata abin da za ta yi. Ga abin da nake so ku riƙe, don nan ne labarin da kuka ji ya karkace. Na ce mata ni ban san ƙa'idar mujalla ba, ban san ko daidai ce ko ba daidai ba. Amma tambaya suka yi mata, an buga ko ba a buga ba. Ni na rubuta da hannuna, na ji ƙanshin tawadar ranar da aka kawo. Ko mahaifinta ya tattaro su duka ya zuba a rijiya, an dai buga. Na ce in ta ce a'a, aiki zai tabbata, kuma duk shekarun da za ta yi tana tsayawa gaban ɗalibai a kan wannan a'a za ta tsaya. In za ta iya, ni ba zan gaya wa kowa ba, kuma ba zan daina yi mata addu'a ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta yi kuka kaɗan, ta goge, ta buɗe kwamfutar. Ta rubuta wa edita komai, ta ɗauki hoton bangon da na wasu shafuka ta haɗa, ta tura kafin azahar. Ta kira mahaifinta don ya dawo, wayar ta yi ƙara a kan taga.

Bayan la'asar ya shigo, ƙafafunsa duk taɓon bakin magudana. Ya sauke buhun a tsakar gida ya ce bai samu duka ba, amma gobe zai shiga Madobi.

"Baba, ba sai ka je ba. Na rubuta musu. Na gaya musu an buga."

Ya dubi buhun, ya dube ta.

"To wannan yawon da na yi fa?"

Ya ɗauki buta ya zaga.

Amsar edita ta zo bayan 'yan makonni, Ummi ta fassara mana a waya. Ya gode mata da ta faɗa. Ya ce sun zauna a kai, wasu sun so a bari, amma littafin ya ƙunshi aikin gaba ɗaya da sunanta da na maɗaba'a, kuma sun taɓa mayar da na wasu saboda irin wannan, ba zai yi mata abin da bai yi musu ba. Ya ce in ta kawo sabon aiki zai karanta da kansa. Ban zarge shi ba a lokacin, ban zarge shi yau ba. Wa'adin ya cika, jami'a ta sallame ta. Ta yi zaman gida kusan shekara kafin ta samu kwalejin ilimin da take koyarwa yanzu. An buga mata maƙaloli daga baya, har a waccan mujallar, amma jami'a ba ta koma ba, kuma ƙawayenta da aka ɗauke su tare yanzu manya ne a can. Ba zan ce muku bai yi mata ciwo ba. Malam kuwa ya daina zuwa gindin ɗorawa. Daga gona sai masallaci sai gida. Buhun yana kusurwar soro, ba ya taɓawa, ba ya bari a taɓa.

Ranar da ta kwaso kayanta daga birni ta dawo, bayan ta huta ta ci abinci, sai na ga ta ja buhun nan ta fito da shi ƙofar gida. Ta ɗora a babur ta ɗaure da igiyar guga, ta shigo ta tsaya a kan mahaifinta.

"Baba, tashi ka kai ni."

"Ina, Uwata?"

"Duk inda ka karɓo. Ni ban san gidajen ba."

"Da wace fuskar zan koma?"

"Kai tuƙi kawai za ka yi. Sunana ne a bango, ni zan miƙa."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce in miƙo masa hularsa, sabuwar, ba ta gona ba. Na tsaya a soro ina kallonsu, ita a zaune a karkace ta riƙe buhu da hannu ɗaya, shi yana tafiya a hankali a kan gaɓar magudana kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Sun fara da Kadawa. Matar Alhaji Tanimu ta ce mini tun daga nesa ya hango su ya miƙe tsaye, ya karɓi littafin daga hannun Ummi da hannu biyu, ya juya wajen Malam.

"Wannan karon daga hannun Malama Ummi na karɓa, bawana. In ka sake biyowa, sai dai ka kai ni ƙara."

"Ka fara koyon karanta shi tukuna," in ji Malam. Ya kashe babur ya sauka ya zauna.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa. Wanda ya sake ba da labarin shekarar nan a cikinku, ya ba da shi har nan.